DOKA TA CE DAIDAI, ALJIHU YA CE A'A

A shekarar 1991 aka kafa Jihar Kebbi, a ƙarshenta kuma Tarayyar Sobiyet ta watse. Labarin mata ma'aikata na waɗannan ƙasashe ya isa mu tsaya mu duba, balle mu malamai da akawuna.

Tun 1936 tsarin mulkin Sobiyet ya daidaita mace da namiji wajen aiki da lada. Mata kuwa suka shiga aiki ƙwarai, har wajen kashi 70 cikin ɗari na likitocin ƙasar suka zama mata. Amma fa abin da mace ke samu bai wuce kamar kashi 70 cikin ɗari na samun namiji ba. Dalili kuwa, an rage wa ayyukan da mata suka yi yawa albashi, watau likitanci da koyarwa, aka fifita haƙar ma'adinai da aikin ƙarfe, sa'an nan manyan kujeru suka zama na maza. Ko bayan gurguzu ya kau, Rasha ta hana mata sana'o'i 456, sai a 2021 aka rage su zuwa 100.

Jamus ta nuna mana ɗaya fuskar. Sashenta na gabas, wanda ya yi mulkin gurguzu, ya gaji gidajen renon yara masu yawa, don haka haihuwa ba ta raba mace da aikinta. A 2023 ratar lada a can kashi 7 ce, a yamma kuwa 19, ko da yake albashin maza ma a gabas bai kai na yamma ba.

To, mu dawo gida. Sashe na 17 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ce aiki ɗaya lada ɗaya. Hakika malama da malami a Jega ko Maiyama, in matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Amma wa ake turawa ƙaro ilmi? Wa ake ba shugabancin makaranta? Matar da ke turara shinkafa cikin gida a Kuberi, wa ke ƙayyade ladanta?

Masu riƙe da takardun ƙarin girma, nan ne gyaran yake. Ranar da aka zo jera sunaye, a duba aiki, kada a duba ɗankwali ko hula. Allah ya sa mu yi adalci, amin.