Kududdufi da Ciyawar da ke Farfaɗo da Shi

A gefen Kankiya da ƙauyukan Kusada akwai ramuka birjik: wasu an haƙi jar ƙasarsu an buga tubali, wasu tifofi suka kwashe birjinsu don aikin hanya. Damina na sauka sai su cika, su zama kududdufai. Cikin tsiran da ke riga kowa kama bakin ruwan akwai jiji, ɗan'uwan aya da kajijin turare. Murza karansa tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku. Manomi na ganinsa a gona sai ransa ya ɓaci, amma a bakin rami yana aikin da ya kamata a san darajarsa.

Aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ganye na zuƙar iskar kabon da taimakon hasken rana, sannan ya tura kaso mai tsoka zuwa saiwa. In saiwar ta mutu cikin taɓo, inda iska ba ta ratsawa, ruɓewarta na tafiyar hawainiya, kabon ɗin kuma ya zauna. A wuraren da ruwa ba ya ƙafewa, haka ake tara baƙar ƙasar dausayi, kimanin milimita 1 a shekara. Irin wannan dausayi bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ya ɓoye ya fi na dukan itatuwan dazuzzukan duniya. A 2017 masana suka bayyana girman wanda ke tsakiyar Kwango, mai ɗauke da kimanin tan biliyan 30 na kabon. A lardin Albata na Kanada kuwa, inda ake haƙar yashi mai ɗanyen mai, an sake gina dausayi kusa da Fort McMurray, kuma dangin jiji na cikin abin da aka dasa.

Ƙasar Katsina ba za ta tara irin wannan ba, domin rani na busar da ramin, zafi ya cinye mafi yawan abin da damina ta ajiye. Duk da haka ana samun saura: baƙar lakar nan mai danƙo da ke kwanciya a gindin tsohon kududdufi, wadda ke riƙe laima har mai lambu ya samu na shuka alayyahu. Abin takaici, yawancin ramukan juji muke mai da su, leda ta toshe bakin ruwan, ko a dawo da tifa a kwashe lakar tun saiwa ba ta kafu ba.