Ko Kun Sani? Kifin Tiga da Lafiyar Dattawa

Samarin da suka ga ginin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yau sun doshi shekara 70 ko sun haura. A irin waɗannan shekaru tsoka takan ragu, ƙafa ta yi rauni, faɗuwa ta yawaita. Tarwaɗa da karfasar Tiga abinci ne mai gina jiki, ga laushi ga wanda haƙoransa suka zube. Sai dai a rage gishiri da magi saboda hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. In kifi ya shigo gida, a fara zuba wa Baba da Inna, a cire musu ƙaya.