Komawar Hotuna Gida: Nunin Frobenius a Minna da Taskar da Ke Ɓoye a Fadikpe

Nunin hotuna, wanda wasu ke kira baje kolin hotuna, shi ne a zaɓo wasu daga cikin tarin da ake da shi, a jera su a bango bisa wani tsari, a rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne, sannan a buɗe ƙofa jama'a su shigo su kalla. A ido aikin ba shi da wuya, amma kowane mataki nasa yanke hukunci ne, domin wanda ya zaɓi hoto ɗaya ya ture goma gefe, wanda ya rubuta bayani kuma shi ne ya yanke ko mutumin da ke cikin hoton zai fito da sunansa da na gidansu, ko kuwa za a taƙaita shi da sunan ƙabilarsa kawai. Saboda haka duk mai son fahimtar yadda hoto ke nuna al'adar mutane da asalinsu, wajibi ne ya tambayi wanda ya ɗauka, da wanda aka ɗauka domin shi, da kuma mutanen da aka rataye hoton a gabansu.

Birnin Minna ya taɓa karɓar wani nuni da ya tattaro waɗannan tambayoyi wuri guda. A shekarar 2010, wadda Nijeriya ta cika shekara 50 da samun 'yancin kai, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haɗa gwiwa da Cibiyar Frobenius da ke birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, suka shirya nunin da takensa ke nufin Nijeriya shekara ɗari da suka wuce. An nuna hotunan a Abuja, an kuma kai su Ife da Makurɗi da Yola da Minna, wato garuruwan da ke da gidajen tarihi a kusa da yankunan da aka ɗauko hotunan tun farko. Richard Kuba daga ɓangaren cibiyar da Musa Hambolu daga ɓangaren hukumar su ne suka shirya littafin da ya raka nunin.

Asalin hotunan shi ne tafiyar da Leo Frobenius, Bajamushe mai nazarin al'adu wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1938, ya jagoranta tsakanin 1910 da 1912, tare da mai zane Carl Arriens da injiniya Albrecht Martius. Ayarin ya bi ta Ibadan da Ife, ya shigo ƙasar Nupe a 1911 inda ya yada zango a Mokwa da Bida, daga nan ya bi kogin Binuwai har zuwa Adamawa. Tafiya da mai zane ba ado ba ce a wancan zamani, domin kyamara tana da nauyi, tana buƙatar haske mai kyau da mutum ya tsaya cak, kuma baƙi da fari kaɗai take fitarwa, don haka launin rini da na tsakiyoyi da na adon bango sai dai a same su daga hannun mai fenti. A Bida sun kalli Masaga, masu narka gilashi su ƙera tsakiya da awarwaro, da maƙeran tagulla, da kasuwa, da tsarin gine-gine, a Mokwa kuma suka zana dodon nan mai tsawo na gargajiyar Nupawa da ake kira ndako gboya. Duk wannan ya faru ne shekara goma sha huɗu kacal bayan dakarun kamfanin Royal Niger sun ci Bida da yaƙi a 1897, wato lokacin da waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suke raye, kuma wasunsu na iya kasancewa cikin mutanen da aka tsayar a gaban kyamara.

Ba daidai ba ne a yabi wannan taska ba tare da faɗin halin mai tara ta ba. Frobenius ya yi mamakin fasahar da ya gani, ya kuma sanar da Turai labarinta, amma da ya ga kawunan tagulla da na yumɓu a Ife sai ya danganta su da wata tsohuwar daula ta almara mai suna Atlantis, saboda zuciyarsa ba ta yarda cewa kakannin mutanen da ke tsaye a gabansa ne suka ƙera su ba. Ya kuma kwashi kayan tarihi masu yawa zuwa gidajen tarihi na Jamus, har ya yi rikici da jami'an mulkin mallaka na Ingila a kan abin da ya tara a Ife. Irin wannan ido yakan ga mutum a matsayin samfuri, shi ya sa hotunan masu nazarin al'adu na wancan zamani sau da yawa suke ɗauke da bayani irin na “mace Banufiya” ko “maƙeri a bakin aiki”, ba suna, ba unguwa, ba dangi. Duk da haka hotunan sun adana abin da ba a adana a wani wuri ba, kuma a nan ne muhimmancin kawo su Minna yake. Abin da masani a Frankfurt zai ajiye a ƙarƙashin sunan tsarin gini, dattijo daga Bida yana iya duba shi ya gane ƙofar, ya faɗi unguwar, ya ambaci zuriyar da ke riƙe da sana'ar har yau. Ilimin da zai cike giɓin yana hannun jikokin waɗanda aka ɗauka, alhali takardun asali suna can Jamus, bayanansu na farko kuma da Jamusanci aka rubuta su.

Da kyamara ta shiga hannun 'yan Afirka sai al'amarin ya sauya, musamman a ɗakin ɗaukar hoto da ake kira situdiyo, inda mai zuwa shi ke biyan kuɗi, shi ke zaɓar tufafinsa da yadda zai zauna da abin da zai riƙe. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako sun yi suna a duniya da irin waɗannan hotuna, kuma tun 1994 birnin Bamako yake karɓar babban taron nunin hotunan Afirka. A Nijeriya, J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar salon kitson mata a 1968 har ya tara kusan dubu, hotunan Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, kuma an nuna su a Washington a 2014 kafin a kai su gidan tarihi na Benin a 2017, gaban iyalan mutanen da ke cikinsu. A Arewa, Fati Abubakar ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a 2015, ta nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu ado ranar sallah, a daidai lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai rusassun gidaje da 'yan gudun hijira.

Jihar Neja ma tana da nata misalin na yadda fasaha ke ɗauke da asalin mutum duk inda ta je. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, ta shiga, a 1954, cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda ta koyi sabuwar hanyar gasa tukunya da shafa mata ƙyalli ba tare da ta bar zanen kunama da ƙadangare da kada da kifi da ta gada daga matan garinsu ba. An nuna ayyukanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a Minna a 1984. Hotonta tana aiki yana bayan takardar naira ashirin, yana ratsa hannun miliyoyin mutane da sunanta a rubuce, gatan da matan Nupe na hotunan 1911 ba su samu ba.

Minna gari ne da layin dogo ya raya. Layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ya ratsa ta ƙasar Gbagyi, a Minna ya haɗu da wanda ya taso daga Legas, sai ma'aikata da fatake da malamai daga ƙasar Hausa da Nupe da Yarbawa da Ibo suka sauka, unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Sabon Gari suka kafu. Da garin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976 sai wani sabon kwararar jama'a ya biyo baya, birnin ya miƙe ya haɗe wuraren da a da suke bayan gari. Fadikpe tana cikin unguwannin da suka cika ta wannan hanya, kamar Kpakungu da Dutsen Kura da Maitumbi, inda ma'aikacin gwamnati da ɗalibi da mai sana'ar hannu daga harsuna daban-daban suke haya a gida ɗaya. A irin wannan wuri tambayar wane ne ɗan gari ba ta zance ba ce kawai, domin takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma tana shafar samun gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma akwai waɗanda aka haifa a Minna, aka haifi iyayensu a Minna, amma takarda tana mayar da su garin da ba su taɓa kwana ba.

Hotunan iyali suna ba da wata shaida wadda takarda ba ta bayarwa. A cikin albam ɗin gida, ko cikin ambulan a ƙasan akwatin uwargida, akan sami hoton angwaye a gaban labulen situdiyo mai zanen bene da furanni, da na alhaji ranar dawowa daga Makka sanye da farar jallabiya, da na yaro riƙe da allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani, da na 'yan mawaƙan coci cikin anko, da na ma'aikatan jirgin ƙasa a jere a bakin tasha. A bayan takardar sau da yawa akwai hatimin mai hoton da sunan titin da shagonsa yake, wani lokaci har da kwanan wata da biro. Wanda ya ƙura ido zai ga tsagar fuska da aka daina yi, da ɗaurin ɗankwali na wani zamani, da dutse ko bishiyar da ke bayan mutanen a filin da yanzu gidaje suka cinye, zai kuma ga maƙwabcin da ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba, yana tsaye a sahun dangi ranar suna. Wannan na ƙarshe shi ne mafi daraja, domin yana nuna zaman tare a aikace, kuma ba wanda ya shirya shi don ya burge wani.

Abin baƙin ciki shi ne wannan taska tana lalacewa cikin sauri. Daminar Minna tana da tsawo, danshi yana manne hotuna da ledar albam, gara tana cin takarda, hotuna masu launi na shekarun 1980 da 1990 kuma sun fi na baƙi da fari saurin dushewa, su koma jaja-jaja. Situdiyo da dama sun rufe tun da wayar hannu ta zama kyamarar kowa, kuma idan mai hoto ya rasu magada sukan zubar da fina-finan da ake wanko hotunan daga jikinsu, saboda ba su ga amfaninsu ba. Hotunan waya ma ba su tsira ba, domin wayar da aka sace ko ta faɗa ruwa takan tafi da hotunan shekaru. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, ta auku ne a garin da ayarin Frobenius ya yi zango, kuma gidan da ruwa ya share yakan rasa har da hoton waɗanda ake makokinsu.

Akwai dalilai na gaskiya da ke sa mutane ɗari-ɗari da fitar da hotunansu. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, wasu sun tsananta, wasu da yawa sun bambanta tsakanin sassaƙa da hoton kyamara, kuma akwai gidajen da ba su rataye hoto ko kaɗan. Akwai kuma kunya da mutunci, domin hoton amarcin uwa ba abin da kowane ɗa zai yarda baƙi su tsaya suna kallo ba ne. Nunin da ya yi watsi da waɗannan zai maimaita kuskuren masu nazarin zamanin mulkin mallaka, waɗanda ba kasafai suke neman izinin kowa ba. Hanyar da ta dace ita ce iyali su zaɓi abin da za a nuna da kansu, a ɗauki kwafi a mayar musu da na asali a ranar, su kuma faɗi bayanin da za a rubuta, da Hausa ko Gbagyi ko Nupe kafin Turanci.

Irin wannan nuni ba ya buƙatar babban zaure ko kuɗi daga waje, ajin makarantar firamare a lokacin hutu ko rumfa a ƙofar gidan mai unguwa sun wadatar, matuƙar an bar fili a ƙarƙashin kowane hoto domin mai kallo da ya gane wata fuska ya ƙara suna. Gidan tarihi na ƙasa da ke Minna, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, da Kwalejin Ilimi ta jiha suna da ma'aikata da ɗaliban da za su iya ɗaukar nauyin kwafar hotunan da adana su, kuma ya kamata su fara da tsofaffin masu situdiyo da ke raye. Kafin hukumomi su motsa, kowane gida a Fadikpe yana da aikin da zai iya yi a wannan mako: a fito da hotunan daga akwati, a zauna da mafi tsufa a gidan, a rubuta sunan kowa da wurin da shekarar a bayan takarda da fensir, domin tawadar biro takan ratsa ta ɓata fuskar hoton.