Na'urar Sanyi da Ɗamarar Kujera a Ƙananan Motocin Haya na Yankin Safo

Ƙaramar hukumar Safo tana cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, kudu da birnin Maraɗi, kuma kusancinta da birnin da kan iyakar Najeriya ya sa zirga-zirgar mutanenta ba ta yankewa, ko zuwa kasuwa da asibiti a Maraɗi, ko zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Idan aka ɗauke babura, babban kaso na wannan zirga-zirga ƙananan motocin fasinja ne ke ɗauke da shi, musamman hayis, wato Toyota Hiace, wadda aka fara ƙera ta a shekarar 1967, da ire-irenta kamar Sienna da Sharan. Akasarinsu ƴan gwanjo ne da suka gama aiki a wasu ƙasashe, kuma sun iso da na'urori biyu da aka tanada domin lafiyar mutanen ciki, wato na'urar daidaita iska da ɗamarar kujera. Waɗannan biyun su ne na farko da ake yin watsi da su da zarar mota ta shiga layin tasha, domin ana ɗaukar ta farko a matsayin kayan jin daɗi mai shan mai, ta biyu kuma takurawa ce da ake yi saboda jandarma, alhali kuwa ɗaya tana taimakawa wajen hana haɗari aukuwa, ɗayar kuma tana rage ɓarnarsa idan ya auku.

Na'urar sanyi, wadda ake kira kilim a Nijar, tana aiki ne ta hanyar kwashe zafin cikin mota ta fitar da shi waje. Akwai wani gas da ke zagayawa cikin rufaffun bututu, wanda wani famfo da injin mota ke juyawa da fanbel yake matsawa har ya yi zafi, sai iskar da ke bugun gaban mota ta huce shi ya zama ruwa, sannan ya ratsa ta wata ƴar ƙaramar kafa ya sake komawa gas, kuma a wannan komawar ne yake yin sanyi ƙwarai, fanka ta hura iska ta kansa zuwa ga fasinjoji. A daidai wannan wuri ne laimar da ke cikin iska ke taruwa ta zama ɗigon ruwa, shi ya sa ganin ruwa garai yana ɗiga a ƙarƙashin motar da na'urarta ke kunne ba alamar lalacewa ba ne. Ɗumi kuwa daga ruwan lagireto ake samunsa, wanda dama injin ya riga ya zafafa.

A gaban direba akan sami maɓallan murɗawa uku: na farko yana da launin shuɗi da ja, shi ke ƙayyade sanyi ko ɗumi, na biyu yana da lambobi, shi ke ƙayyade ƙarfin fanka, na uku kuma yana ɗauke da zanen mutum zaune da kibiyoyi, shi ke zaɓar inda iska za ta fita, ko fuska, ko ƙafafu, ko gilashin gaba. Ban da su akwai madannai biyu, ɗaya mai haruffan A/C wanda ke kunna famfon gas, ɗayan kuma mai zanen mota da kibiya lanƙwasasshiya a cikinta, wanda idan aka danna shi yake rufe ƙofar iskar waje, mota ta riƙa juya iskar da ke cikinta kawai. Da yawa daga cikin motocin masu layuka uku ko fiye suna da fanka ta biyu da kafofin iska a rufi domin na baya, kuma sau da yawa fasinjojin layin ƙarshe kan jiƙe da gumi ne don kawai ba a kunna ta ba.

Kowane yanayi na shekara yana da nasa tsarin. A bazara, musamman watannin Afrilu da Mayu da zafin Maraɗi kan haura digiri 40, cikin motar da ta wuni a rana zai iya wuce digiri 60, don haka abin da ya dace shi ne a buɗe ƙofofi da tagogi, a tashi da fanka mai ƙarfi na ƴan mintuna har zazzafar iskar ta fice, sannan a rufe gilasai a kunna sanyi a daidaita shi wajen digiri 23 ko 24. A hunturu, lokacin da ƙura da hazo ke cika sarari, ko a kan hanyar burji idan ana bin bayan babbar mota, rufe ƙofar iskar waje yana kare ƙirjin fasinjoji, musamman masu ciwon asma. A damina kuwa, idan ruwa ya tsinke aka rufe tagogi, numfashin mutane goma sha yana sa gilashin gaba ya yi dusu-dusu daga ciki, inda za a ga direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana goge gilashi da hularsa ko da tsumma. Maganin wannan yana kan maɓallan da ke gabansa: ya kunna A/C, ya buɗe ƙofar iskar waje, ya karkata iskar zuwa gilashi, domin busasshiyar iska ita ke ɗauke laimar nan da nan.

Madannin rufe iskar waje yana buƙatar hattara, domin idan aka bar shi a danne tsawon tafiya cikin mota maƙare da mutane, iskar da suke fitarwa tana taruwa, ta kawo kasala da ciwon kai da gyangyaɗi, kuma gyangyaɗin direba a kan doguwar hanya irin ta Maraɗi zuwa Damagaram ba ƙaramin haɗari ba ne. Haka nan kwana cikin mota da inji a kunne yana iya zama ajali, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari. Barin yaro cikin rufaffiyar mota a rana, ko da na ɗan lokacin shiga kanti ne, ganganci ne, tunda jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Gaskiya ne na'urar sanyi tana ƙara shan mai, kuma a tafiyar cikin gari buɗe tagogi ya fi sauƙi, amma ya kamata a riƙa kunna ta na ƴan mintuna lokaci-lokaci ko da a hunturu, domin robobin bututunta kada su bushe. Motar da kullum ake ƙara mata gas yoyo take yi, kuma aikin bakanike shi ne ya nemo kafar ya toshe.

Ɗamarar kujera irin ta yau, mai madauri uku, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro ta wa kamfanin Volvo a shekarar 1959, kuma kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ce ta fara wajabta ɗaura ta a shekarar 1970, Najeriya kuma ta fara tilasta ta a shekarar 2003 ta hannun hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988. Dalilin wajabcin a fili yake, domin jikin fasinja yana tafiya da gudun da mota ke yi, idan motar ta tsaya cak shi ba ya tsayawa, kuma karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, ta kuma bayyana cewa ɗaura ɗamara yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi.

Ba kowane ɗauri ne ke karewa ba. Igiyar ƙasa za ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, ta sama kuma ta ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji ba tare da ta shafi wuya ko ta murɗe ba, sannan mai babbar riga ko hijabi ya ja ta har ta kama jiki. Tura igiyar sama ƙarƙashin hammata, ko rataya ta a kafaɗa ba tare da an maƙala ba kamar yadda ake yi idan an hango shingen jandarma, ba ya tsinana komai. Mace mai juna biyu ita ma tana ɗaurawa, sai dai igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin cikin. Gwajin ingancinta kuwa shi ne a fizge ta da ƙarfi, idan ta cije tana da lafiya, idan ta biyo hannu ko zarenta ya fara tsinkewa sai a sauya ta, haka ma wadda ta taɓa riƙe mutum a haɗari mai tsanani.

Babbar matsalar tana layukan baya, inda akan cire kujerun asali a sa mai walda ya dasa bencina domin ƙara yawan fasinjoji, ɗamarar ta tafi tare da kujerun. Wanda ke baya ba ɗaure ba yakan faɗa kan na gabansa da dukan nauyinsa, jaririn da ke kan cinya yakan kuɓuce wa uwarsa komai ƙarfin riƙonta, buhunan gero da jarkokin da aka jibga a bayan kujeru ba tare da ɗauri ba su ma sukan afko gaba. Masu tsoron kada ɗamara ta tsare su idan mota ta kama da wuta suna mantawa cewa wanda bai suma ba ne ke iya kwance ta ya fita, kuma wanda mota ta yi jifa da shi waje ya fi kowa shiga haɗarin mutuwa. Masu kafa hujja da ƙaddara kuwa, malamai sun daɗe suna karantar da cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

Gyaran wannan al'amari yana wuyan masu motoci da shugabannin tasha da direbobi da fasinjoji baki ɗaya. Ya kamata mai mota ya bar kujeru da ɗamarorinsu yadda suka zo, ƴan kamasho su daina cusa mutum biyu a kujerar mutum ɗaya, direba ya koyi aikin maɓallan da ke gabansa kamar yadda ya koyi giya da birki, fasinja kuma ya ɗaura ɗamararsa tun kafin mota ta bar tasha, ko da tafiyar ba ta wuce daga Safo zuwa Maraɗi ba.