WAHALAR SANIYA ITA CE ƘOFAR CUTA

Kai da ka zo ɗakin shan magani yau, ko daga Karare kake, ko Batsari, ko Safana, in kana da saniyar tatsa, wannan magana taka ce.

Ka lura da lokacin da shanu suka fi kwanciya ciwo? Ai ƙarshen bazara ne, wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da ciyawa ta ƙare a dajin Rugu, tabkuna suka ƙafe, ana kora garke nesa neman ruwa. Ƙwayoyin cuta kuwa suna nan duk shekara. Jikin saniya ne ya raunana.

Ga yadda abin yake. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da ke kashe ƙwayoyin cuta. In saniya ta sha yunwa, ko ƙishirwa, ko zafin rana, ko dūka, ko firgita, sai waɗansu 'yan tsoka biyu da ke kusa da ƙoda su zuba wani sinadari cikin jini, sunansa kotisol. Na yini ɗaya ba ya ɓarna. Amma in wahala ta daɗe, sai ya karya ƙarfin dakarun nan. Sa'an nan ciwon huhu ko sammore, da dā suke kwance a jiki, su taso.

Lokaci mafi hatsari shi ne mako uku kafin haihuwa da mako uku bayanta. A nan ne ciwon hantsa ya fi kama saniya, nono ya yi gudaji ko jini.

To, ga abin yi:

1. Tun kaka ka tanadi harawa da dusa, ka fara ba masu ciki da masu shayarwa.
2. Ruwa: da bazara mai shayarwa tana bukatar garwa biyu ko fiye kowace rana.
3. Da tsakar rana a bar su su huta a inuwa. Tafiya da safe ko da yamma.
4. Kada a doki saniya ko a yi mata tsawa wajen tatsa. In ta firgita sai ta riƙe nono.
5. Ɗan maraƙi ya sha dakashi cikin awa shida na farko. Shi ne garkuwarsa.
6. In malamin dabbobi ya zo da allurar rigakafi, ka kai garkenka. Allura ta fi kama jikin da ya ƙoshi.

Abin ya shafi iyalinka kuma. Tarin fuka da bakkale suna iya bin ɗanyar madara su kama mutum. Saboda haka uwargida ta tafasa madara tukuna, kafin a ba yara ko a kafa kindirmo.

Ku huta lafiya.