Raƙumi ya fi mahayinsa shiri, da sauran abubuwan mamaki kan ido a fagen wasa

A Iferwan, a gindin dutsen Tamgak, idan aka saki raƙuma a tseren Bikin Abzin da ake yi tun 2001, ƙura kan turnuƙe har ɗan kallo ya kasa gane wanda ke gaba. Duk filin nan raƙumi kaɗai ya zo da shirinsa. Gashin idonsa jere biyu ne. Yana kuma da wata siririyar fata ta uku da ke share ƙwayar ido daga gefe zuwa gefe, ko ta rufe yana ɗan gani. Hancinsa ma toshe shi yake yi idan iska ta taso. Mahayin fa? Ya naɗa rawani mai kai mita biyar, ya rufe kai da kunne da hanci da baki, ya bar wa yashi ido.

Kwalli kuwa ado ne, ba ya tare tsakuwa. Na dutse mai ƙyalli ma akwai dalma a cikinsa.

Ba mahayin raƙumi kaɗai ke fama da yashi ba. Tseren Paris-Dakar daga ɓatan hanya ya samo asali: Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa a hamadar Tenere a 1977, a ƙarshen 1978 ya buɗe gasar. Dubi tabarau na masu tseren babur, wasu da 'yan ledoji a jere a kan fuskarsa. Ɗaya ta yi dauɗa, sai a fizge ta a jefar, ba a tsaya ba.

Ƙwallon ƙafa ta fi kwarmin ido girma, shi ya sa ake zaton ba ta iya masa komai. Ina! Idan ta bugi fuska lotsewa take yi, wani sashe ya kutsa ciki ya danne ƙwayar.

Takunkumin da Victor Osimhen ke sawa ba ƙwalisa ba ce. A Nuwamban 2021, a wasan Napoli da Inter, ya yi karo da Milan Skriniar, ƙashin kwarmin idonsa da na kunci suka karye. Sai da likita ya ɗaure su da faranti 6 da kusoshi 18. Edgar Davids na Holan, bayan tiyatar hawan jinin ido a 1999 ya fara sa nasa tabarau. Kareem Abdul-Jabbar, ɗan wasan ƙwallon kwando, kuwa sai da aka yaƙushe masa ido a 1968, aka sake a 1974, sannan ya sallama ya fara sa tabarau.

Ƙaramar ƙwallo ma abin tsoro ce ga ido: ƙwallon gashin badminton, wadda nauyinta gram biyar ne kacal, an auna ta tana gudun kilomita 565 a awa a 2023.

Tabarau na gilashi da ake saye a kasuwa, gara ma babu a filin ƙwallo: yana fashewa, ɓarɓashin ya faɗa ido. Na wasa da roba mai tauri ake yin sa, polikabonet.

Sai abin da kowa ya saba gani a dandalin kokowa ko filin unguwa. Yaro ya dafe ido, ya ce "hura min", abokinsa ya buɗa masa da yatsu masu ƙasa, ya fesa masa iska har da yawu. Murzawa ta fi wannan muni, don ƙwayar yashi kan karce fatar ido kamar zarto. Ruwa mai tsabta za a yi ta kwararawa. In abu ya soke ya maƙale, kada a cire: a kifa gindin kofi a kai, a ɗaure, a kama hanyar asibiti tun da rana, don daga Iferwan, Arlit da Agadas ba nan kusa ba ne.