Jagora Ga Mai Son Neman Abinci Da Alƙalami

Marubuci mai zaman kansa shi ne wanda ba ya karɓar albashin wata daga wata jarida ko kamfani ko ma'aikata, sai dai ya rubuta abu ya sayar, ko kuwa a ba shi aikin rubutu a biya shi ladansa. Matsayinsa ɗaya ne da na tela ko maƙeri mai rumfar kansa, watau shi ne mai yin aikin, shi ne mai neman kasuwa, shi ne kuma mai bin kuɗinsa in an riƙe. Da yawa daga cikin masu shiga wannan sana'a sun iya rubutu sarai, amma sukan gaji su bari domin ba su san sha'anin ciniki da na doka ba. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa irin waɗannan mutane abubuwan da ya wajaba su sani tun da wuri.

Kada A Saki Reshe A Kama Ganye

Abu na farko shi ne haƙuri. Kuɗin rubutu ba ya zuwa a kan kari kamar albashi. Wani watan a samu, wani watan a rasa. Saboda haka wanda yake da aiki ko kasuwanci kada ya yi gaggawar barinsa.

Tarihin adabin Hausa kansa ya nuna haka. Sa'ad da aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933 a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Bauchi. Suna bakin aikinsu suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Sai a 1939 Abubakar Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, bayan da alƙalaminsa ya riga ya yi suna. Abin da ya fi dacewa ga mai farawa shi ne ya ware wa rubutu sa'a ɗaya ko biyu kowace rana, har ya ga abin da yake samu a wata shida a jere ya isa ya riƙe gida.

Gyaran Hannu

Edita ba ya da lokacin gyara wa baƙo ƙa'idojin rubutu. Takardar da ta zo cike da kurakurai, ita ake fara turewa gefe. Wajibi ne marubucin Hausa ya kiyaye baƙaƙen nan masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, gama rashin ƙugiya ɗaya yakan juya ma'ana: baƙi daban, baki daban; ƙafa daban, kafa daban. Haka kuma ya san inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta, a rubuta "motarsa" a haɗe, a rubuta "ya ba shi" a rabe. Wayoyin hannu da kwamfutoci na yanzu duk suna iya fitar da waɗannan baƙaƙe, saboda haka babu sauran uzuri.

Bayan ƙa'ida sai sanin fanni. Wanda ya ce zai rubuta a kan kome, da wuya a neme shi a kan wani abu. Gara mutum ya zaɓi fanni ɗaya ko biyu da ya sani, kamar noma da kiwo, ko kiwon lafiya, ko ciniki, ko labarun yara, ya zurfafa a ciki har editoci su riƙa tunawa da shi duk sa'ad da maganar ta taso.

Inda Kasuwar Take

Ƙofofin samun aiki sun fi na da yawa. Akwai jaridun Hausa irin su Aminiya, wadda ta fara fitowa a 2006. Akwai gidajen rediyo da talabijin masu bukatar wasannin kwaikwayo da tallace-tallace, da masu shirya finafinai a Kano da Kaduna da Jos masu bukatar labari. Akwai kuma fassara tsakanin Turanci da Hausa, wadda hukumomi da ƙungiyoyin agaji suke nema domin saƙonsu ya kai ga jama'a.

Kafin mutum ya aika wa edita da wani abu, ya fara karanta jaridar na 'yan makonni, ya ga irin abin da take bugawa da tsawonsa. Sa'an nan ya rubuta gajeriyar wasiƙa, ya faɗi batun da zai yi rubutu a kai, da dalilin da zai sa masu karatu su damu da shi, da waɗanda zai tambaya, da ranar da zai gama. Ya haɗa da samfurin aikinsa guda biyu ko uku. In an yi shiru, ya tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi bayan mako biyu, kana ya kai hajarsa gaba.

Shiga gasa ma hanya ce ta fitowa fili. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ita ce ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda aka buga a 1982. Sashen Hausa na BBC kuma ya fara gasar Hikayata ta mata marubuta a 2016. Haka nan shiga Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, yakan sada mai farawa da waɗanda suka riga shi.

Ciniki Da Yarjejeniya

A nan ne yawancin marubuta sukan yi asara. Kunya da ɗoki su ne suke sa mutum ya fara aiki ba tare da an yanka farashi ba, in ya gama sai a sallame shi da godiya. Kafin a ɗora alƙalami a kan takarda, lalle ne a daidaita a rubuce a kan waɗannan abubuwa:

1. Irin aikin da tsawonsa.
2. Ranar da za a miƙa shi.
3. Kuɗin da za a biya, da ranar biya, da abin da za a bayar na kafin alƙalami.
4. Sau nawa marubuci zai yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba.
5. Abin da za a biya in mai aikin ya fasa bayan an yi nisa.
6. Wanda zai mallaki rubutun bayan an biya.

Wajen yanka farashi, marubuci ya lissafa kwanakin da aikin zai ci, ya haɗa da kuɗin mota da na waya da na intanet, ya ɗora ribarsa. Game da littafi kuwa, hanya biyu ce: a saye shi ɗungurungum, ko a riƙa ba marubuci kaso daga kowane kwafi. Alal misali, in littafi yana ₦2,000, aka shirya a kan kashi 10 cikin 100, marubuci yana da ₦200 a kowane kwafi, watau ₦200,000 in an sayar da kwafi 1,000. Wanda ya sayar ɗungurungum a kan ₦150,000 ya karɓi kuɗinsa nan take, amma in littafin ya karɓu aka sake buga shi sau biyar, ba shi da ko kwabo a ciki. Kowace hanya da amfaninta. Abin da ake gudu shi ne mutum ya sa hannu bai san wadda ya zaɓa ba.

A yi hattara kuma da masu yaudara ta intanet. Duk wanda ya ce sai an biya kuɗin rajista kafin ya ba da aikin rubutu, ko ya nemi lambar sirri ta banki, to a guje shi. Mai ba da aiki shi yake biya.

Haƙƙin Mallaka

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Bisa ga wannan doka, da zarar mutum ya ƙagi abu ya rubuta shi, ya zama nasa, ba sai ya yi rajista ba. Haƙƙin yana nan muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa, watau dukiya ce da magada za su ci. Miƙa wannan haƙƙi ga wani, ko ba wani izinin amfani da shi shi kaɗai, ba ya inganta sai an yi shi a rubuce. Sai dai aikin da aka yi a ƙarƙashin umurnin gwamnati ko hukumarta, wannan na gwamnati ne in ba a shirya akasin haka ba.

Abin lura shi ne doka tana kare rubutun da aka yi, ba ta kare tunanin da yake cikin zuciya. Wanda ya ba da labarinsa da baki ga mai shirya fim bai riƙe kome ba. Ya rubuta tukuna, ya adana kwafi mai kwanan wata. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar ayyuka ga wanda ya so, kuma ita ake kai wa ƙarar masu satar bugu.

Kamar yadda marubuci ba ya son a taɓa nasa, haka shi ma kada ya kwashi na wani ya sa sunansa. Ya tabbatar da kowace magana kafin ya rubuta, domin ɓata sunan mutum yana kai wa ga kotu. Mai neman bayani daga hukuma yana da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Mai Buga Littafinsa Da Kansa

Tun daga shekarun 1980 marubuta a Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma kai masa kwafi 3 cikin wata ɗaya da bugawa, kamar yadda dokar 1970 ta tanada. Mai sayarwa ta intanet kada ya dogara ga dandali guda. OkadaBooks, inda marubuta da yawa suke sayar da littattafansu a da, ya rufe a 2023.

Daga ƙarshe, marubuci ya buɗe littafin lissafi, ya riƙa shigar da kowane aiki, da sunan mai shi, da abin da aka biya, da abin da ya saura. In harka ta bunƙasa, ya yi wa sunan sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kuma biya harajinsa, domin manyan ma'aikatu sukan nemi waɗannan takardu kafin su ba da kwangila. Marubucin da ya cika alkawari a kan rana, ya tsare gaskiya, ya kuma riƙe takardunsa, shi editoci sukan sake nema, su kuma gaya wa waɗansu.